Sunrise Izumo: jirgin kwana daga Tokiyo zuwa ƙasar Okuninushi

Jirgin ƙasa mai ɗakunan kwana guda ɗaya tak ya rage a Japan da ke tashi kowace rana, tun da aka dakatar da na ƙarshen sauran a 2016. Sunansa Sunrise, ya fara aiki a Yulin 1998, kuma jirage biyu ne a haɗe. Taragu 14 suke barin Tokiyo tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare. Da sassafe a raba su a Okayama, bakwai su nufi Takamatsu a tsibirin Shikoku da sunan Sunrise Seto, bakwai su haura arewa ta cikin duwatsu zuwa Izumoshi da sunan Sunrise Izumo. Na biyun nan muke dubawa, domin shi ne yake sauke mutum kusa da Izumo Taisha, ɗaya daga cikin wuraren bautar addinin Shinto mafi tsufa, inda ake bauta wa Okuninushi. Tafiyar ta haura kilomita 950, kimanin awa 12, ana isa wajen ƙarfe 10 na safe.

A ganina jirgin ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: ka kama ɗaki mai ƙofa, kuma ka kwana a garin Taisha, inda wurin bautar yake, aƙalla dare ɗaya. Wanda ya sauka da hantsi, ya zaga ɗakin bauta cikin cunkoso, ya koma tasha da yamma, ya biya kuɗi mai yawa ya ga kaɗan.

Wahalar farko ita ce tikiti. Ana buɗe sayarwa wata ɗaya cif kafin ranar tafiya, da ƙarfe 10 na safe agogon Japan, wato ƙarfe 2 na dare a Najeriya da Nijar. Ɗakunan daren Juma'a da na lokutan hutu kan ƙare cikin mintuna. Ana saye a kantar tikiti ta tashoshin JR, wato manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Japan, ko a shafin intanet na JR West, kuma wanda ya saya ta intanet dole ya karɓi tikitin takarda a tasha kafin ya shiga, da katin bankin da ya biya da shi a hannunsa. Nan mutane suke tuntuɓe: wani ya biya musu da katinsa daga gida, su zo tasha babu katin, injin ya hana su tikiti. Idan ka tarar an cika, kada ka fid da rai. Ka riƙa leƙawa, musamman kwana biyu ko uku kafin tafiya, lokacin da masu fasawa suke mayar da nasu kafin tarar fasawa ta ƙaru.

Kuɗin kashi uku ne. Akwai kuɗin hanya, sama da yen 12,000 kaɗan. Akwai kuɗin jirgi mai sauri, yen 3,300. Sai kuɗin gado: ɗakin Solo yen 6,600, Single 7,700, Single Deluxe 13,980, Sunrise Twin na mutum biyu 15,400. Ke nan Single zai tsaya maka wajen yen 23,000. Mai Japan Rail Pass, fas ɗin baƙi na hawa jiragen JR, wanda na kwana 7 ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023, an ɗauke masa kuɗin hanya kawai. Sauran biyun zai biya idan yana son ɗaki.

Abin da fas ɗin ya ɗauka gaba ɗaya shi ne wurin da ake kira Nobi Nobi, tarago na 12 a tafiyar zuwa. Daɓe ne hawa biyu da aka shimfiɗa wa kafet, mutum 28, kowa da ɗan tagarsa da fitilar karatu da mayafi marar kauri. Katangar da ke tsakaninka da maƙwabcinka a kai kawai take, daga kafaɗa zuwa ƙafa fili ne. Babu matashi, babu soket a wurin kwanciya, kuma taurinsa kamar darduma ce a kan siminti. Matashi mai ƙarfin jiki zai jure, ya rage kusan yen 7,000. Dattijo, ko mace mai tafiya ita kaɗai da take son suturta kanta, gara su ƙara kuɗin. Solo ma ban cika yaba shi ba: yana cikin taragon da ke ɗauke da injin, ƙarar tana shiga kunne, kuma ƙuncinsa ya sa jaka ba ta da wurin zama sai kan gado. Bambancinsa da Single yen 1,100 ne kacal, kuma Single ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka nemi na hawan sama, inda gilashin taga ya lanƙwasa ya hau rufi. Za ka tarar da bargo, matashi, rigar barci, silifas, soket ɗaya, agogon farkarwa, da ƙofar da kake kullewa da lamba huɗu da ka zaɓa da kanka. Katakon da aka yi wa cikin jirgin ado da shi aikin kamfanin gina gidaje ne, Misawa Homes, shi ya sa ɗakin bai yi kama da tarago ba. Amma babban akwati ba zai bar ƙofa ta rufu da daɗi ba. Ka tura shi otal ta kamfanin kai kaya, ko ka bar shi a akwatin ajiya na tashar Tokiyo.

Wanka yana tarago na 10. Kati ake saye a wani inji kusa da wurin, yen 330, da tsabar kuɗi, kuma katunan ba su da yawa: sau da yawa sun ƙare kafin jirgi ya bar Tokiyo. Wanda yake so sai ya tsaya a layin shiga jirgi tun da wuri, ya sayi kati kafin ya je ɗakinsa. Ruwan minti 6 ne, amma agogon yana tafiya ne lokacin da ruwa ke zuba kawai. Ka danna koren maɓalli ka jiƙa jiki, ka danna ja ka shafa sabulu, ka sake kunnawa, zai ishe ka har da ragowa. Akwai sabulu da man wanke gashi, babu tawul. Abinci kuwa babu shi sam, sai injin sayar da abin sha. Ka sayi na dare da na safe tun a tashar Tokiyo, kuma Musulmi ya duba da kyau, domin yawancin kwalayen abincin tasha suna da naman alade ko mirin, wani ruwan girki mai giya. Alƙibla daga Japan tana yamma ne da ɗan karkata arewa. Intanet na jirgi babu, kuma layin waya yana ɗaukewa a ramukan duwatsu bayan Okayama.

A Okayama, wajen ƙarfe 6 da rabi, fasinjoji suna tururuwa su kalli yadda ake kwance jiragen biyu tsakanin tarago na 7 da na 8. Ka kalla, amma ka koma ta ƙofar tarago na 8 zuwa 14. Wanda ya faɗa na 7 cikin gaggawa, Shikoku zai tsinci kansa, kayansa suna hanyar Izumo.

Daga nan ne jirgin ya fara biyan bashinsa, kuma dalilin da ya sa na fifita shi kan jirgin sama ke nan. Daga filin Haneda zuwa Izumo awa ɗaya da rabi ce, amma sai ka faɗo tsakiyar labarin ba ka ga ƙasarsa ba. A jirgin ƙasa, awa ukun ƙarshe cikin tatsuniyoyin kake ratsawa. Je ka zauna a ɗan falon tarago na 10, mai taga ta ɓangare biyu, ka fuskanci dama. Kafin Yonago za ka ga dutsen Daisen. A littafin Izumo Fudoki na shekarar 733, wani kami, wato abin bautarsu, mai suna Yatsukamizu Omitsuno ya ga ƙasar Izumo ta yi ƙanƙanta, sai ya yanko ƙasa daga hayin teku, har da yankin Silla na Koriya, ya jawo da igiya ya liƙa. Daisen da dutsen Sanbe su ne turakun da ya ɗaure igiyoyin. Tsakanin Yasugi da Matsue jirgin yana wuce ƙauyen Iya, inda ake nuna Yomotsu Hirasaka, gangaren da ke shiga ƙasar matattu, wanda kami Izanagi ya toshe da ƙaton dutse bayan ya gudo daga matarsa Izanami. Sai tafkin Shinji ya shimfiɗu a dama. Dab da isa kuma a haye kogin Hii, mai faɗi da rairayi, wanda a samansa aka ce wani kami mai suna Susanoo ya kashe Yamata no Orochi, maciji mai kai takwas da wutsiya takwas. Ya cika randuna takwas da giyar shinkafa, kowane kai ya sha ya bugu, ya sassare shi, ya ceci yarinya Kushinada, ya zaro takobin Kusanagi daga wutsiyarsa. Takobin nan yana cikin kayan sarauta uku na gidan sarkin Japan. Kogin Hii ya sha yin ambaliya, kuma an daɗe ana tace ƙarfe daga rairayinsa, shi ya sa masana da yawa suke ganin macijin kogin ne da rassansa.

A Izumoshi fas ɗin JR ya gama aikinsa. Jirgin Ichibata mai zuwa Taisha na wani kamfani ne daban, tasharsa Dentetsu Izumoshi tana jikin ta JR, kuɗinsa wajen yen 500, tafiyar minti 25. Ka riƙe tsabar kuɗi. Yawancin jiragen sai an sauka a Kawato an canza, kuma wanda ya yi gyangyaɗi ya zarce, Matsue zai koma. Akwai bas ma daga gaban tasha, amma ranar cunkoso yana maƙalewa a hanya. Tashar Izumo Taisha-mae, inda za ka sauka, ƙaramin gini ne na 1930 mai tagogin gilashi masu launi. Idan ka fito, dama ita ce hanyar ɗakin bauta. A hagu can ƙasa za ka hango farar ƙofar torii ta kankare, mai tsayin mita 23, da aka gina a 1915.

Shawarata ita ce kada ka shiga ɗakin bautar nan take. Ka kai kayanka masauki, ka ci abinci, ka fara da bakin teku, domin a can labarin ya faro.

Mai wurin shi ne Okuninushi, kuma labarinsa yana cikin Kojiki, littafin da aka kammala a 712. Ƙarami ne cikin 'yan'uwa tamanin da suka tafi Inaba neman auren gimbiya Yagami, shi yana biye a baya ɗauke da buhun kayansu. A hanya suka tarar da zomo an saɓule masa fata, saboda ya yaudari dabbobin ruwa da ake kira "wani" da Japananci, waɗanda akasari ake fassarawa da kifin shak, ya jera su ya taka bayansu ya haye teku. Yayyen suka ce masa ya yi wanka da ruwan gishiri ya sha iska, fatar ta ƙara tsagewa. Okuninushi ya ce ya wanke da ruwan daɗi ya yi birgima cikin garin furen kachala, ciyawar nan da ta cika fadamun Haɗeja da Nguru. Zomon ya warke, ya yi masa albishir cewa shi gimbiya za ta zaɓa. Shi ya sa za ka ga gumakan zomaye na dutse birjik a harabar. Yayyen suka kashe shi sau biyu saboda hassada, sau ɗaya da dutsen da suka gasa ya yi ja suka gangaro masa da sunan aladen daji, ana tayar da shi. Ya gudu ƙasar ƙarƙashi wurin Susanoo, wanda ya kwantar da shi a ɗakin macizai, sannan ɗakin shanshani da rina, sannan ya harba kibiya cikin saura ya aike shi ɗaukowa ya cinna wa saurar wuta. Ɓera ne ya nuna masa rami. Daga ƙarshe ya sace 'yar Susanoo, Suseri, da takobinsa da bakansa, ya dawo ya mallaki ƙasa.

Sai Amaterasu, kami ta rana, ta ce ƙasar ta zuriyarta ce. Manzon farko, Ame no Hohi, ya koma ɓangaren Okuninushi, shekara uku shiru. Na biyu ya auri 'yarsa, shekara takwas shiru. Na uku, Takemikazuchi, ya sauko a gaɓar Inasa, ya kafa takobinsa tsini sama a kan igiyar ruwa, ya harɗe a kan tsinin, ya nemi amsa. Ɗan Okuninushi na farko, Kotoshironushi, ya yarda. Na biyu, Takeminakata, ya nemi a gwada ƙarfi, aka kayar da shi, ya gudu har Suwa da ke Nagano ta yau, inda ake bauta masa har yanzu. Okuninushi ya miƙa ƙasar da sharaɗi ɗaya: a gina masa fada mai ginshiƙai kafe a kan dutse, mai rufi da ya taɓa sama. Fadar ita ce Izumo Taisha. Nihon Shoki na 720 ya kawo wata riwaya da ta raba aikin: zuriyar Amaterasu ta mulki abin da ido ke gani, Okuninushi ya riƙe na ɓoye. Daga nan aka samo imanin cewa shi ke ƙulla alaƙa tsakanin mutane, musamman aure, kuma shi ya sa samari da 'yan mata suka fi kowa cika wurin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne riwayar mutanen Izumo da kansu ta bambanta. Kojiki a fadar Yamato aka rubuta shi, wato ɓangaren da ya karɓi ƙasar. A Fudoki na Izumo, Okuninushi ya ba da sauran ƙasashe amma ya ce Izumo tasa ce, zai zauna a cikinta, kuma labarin maciji mai kai takwas babu shi a ciki. An daɗe ana ɗaukar ƙarfin Izumo a matsayin tatsuniya kawai, har 1984, lokacin da aka tono takubban tagulla 358 a wuri ɗaya a Kojindani, adadin da ya fi duk wanda aka taɓa samu a Japan baki ɗaya. A 1996 kuma aka samu ƙararrawar tagulla 39 a Kamo Iwakura. Da wannan a zuciya, miƙa ƙasar nan ya fi kama da sulhu tsakanin masarautu biyu.

Gaɓar Inasa tana kimanin kilomita ɗaya yamma, tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙafa. A hanyar da ta bi ta arewa akwai kabarin da ake dangantawa da Izumo no Okuni, matar da ta fara wasan kwaikwayo na kabuki a Kiyoto a 1603. A gaɓar akwai ƙaton dutse, Bentenjima, da ɗan ƙaramin ɗakin bauta a kansa. Za ka ga mutane suna dumbuzar rairayi a leda. Za ka gane dalili nan gaba. Rana a teku take faɗuwa a nan, don haka yammacin ranar da ka iso ya fi dacewa.

Washegari da ƙarfe 6 na safe ake buɗe haraba, kuma shiga kyauta ne. Wannan awa biyun farko, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, su ne dalilin kwana a Taisha. Daga ƙofar Seidamari, mashigar harabar, hanyar gangarawa take yi, abin da ba a saba gani ba, domin yawancin wuraren bautar Shinto hawa ake yi. A dama akwai ɗan ɗakin tsarkakewa, Harae no Yashiro, da mutane da yawa suke wucewa ba su lura ba. Sai layin tsofaffin itatuwa. An killace tsakiyarsa don kare saiwoyi, a gefe ake bi. A wurin wanke hannu, inda akwai ludayi, tsarin shi ne: ka riƙe da dama ka wanke hagu, ka sauya ka wanke dama, ka zuba a tafin hagu ka kurkure baki, ka ɗaga ludayin ragowar ruwan ya bi mariƙinsa. Ba a kai ludayi baki. Ƙofar tagulla ta ƙarshe kyautar wani basarake mai suna Mori Tsunahiro ce a 1666, kuma rubutun jikinta Susanoo ya ambata a matsayin mai wurin, domin ƙarnuka da dama haka aka ɗauka kafin a mayar wa Okuninushi. Sunan Izumo Taisha ma sai 1871 aka sa. Da can Kizuki ake ce masa.

Masu ibada a nan suna rusunawa sau biyu, su tafa sau huɗu, su sake rusunawa sau ɗaya. A yawancin sauran wuraren bauta na Japan tafi biyu ne. Wanda addininsa bai yarda ya rusuna wa wani abin bauta ba, babu mai tilasta masa, babu mai tambayarsa. Abin da ake bukata ladabi ne: ka tsaya gefe, ka sassauta murya, kada ka tare gaban masu addu'a ko ka kai kyamara fuskarsu.

Babban ɗakin na yanzu ginin 1744 ne, tsayinsa mita 24, a kan ginshiƙai tara, rufinsa na ɓawon itace ne mai kauri. An yi masa gyaran da ake yi kusan duk shekara 60 tsakanin 2008 da 2013. Ba a shiga. Baƙo yana tsayawa a ƙofar Yatsuashi. Mutane da yawa a nan suke jin an cuce su, domin katanga biyu sun kare shi, rufi kawai ake gani. Maganinsa shi ne ka dubi ƙasa, sannan ka zaga. A daɓen gaban ƙofar akwai jajayen da'irori uku-uku. A shekarar 2000 aka tono wurin aka samu kututturan itacen sugi uku a haɗe a matsayin ginshiƙi ɗaya, kowane ya haura mita ɗaya a kauri, jimillarsu kusan mita 3, na ginin wajen 1248. Gadon baki ya daɗe yana cewa ɗakin ya taɓa kai mita 48, mutane suna ɗauka cika baki ne, sai ga ginshiƙan. Ka tsaya cikin da'irar ka auna da ƙafarka.

Sai ka bi ta dama ka kewaya. Dogon gini mai ƙofofi 19 da za ka gani, da ɗan'uwansa a yamma, masaukin baƙin kami ne. Can baya, a gindin dutsen Yakumo da aka hana hawa, akwai Soga no Yashiro na Susanoo. A ƙarƙashin barandarsa akwai akwatunan katako: masu ibada suna zuba rairayin da suka kawo daga Inasa su ɗebi wanda ya daɗe a wurin, ƙasa da abin da suka zuba, su kai gida. Wanda bai kawo ba, ba ya ɗiba. Wannan ɓangaren ana rufe shi da ƙarfe 4 da rabi na yamma, tun kafin sauran haraba. Daga nan bayan ne ake ganin babban ɗakin da kyau, da gicciyayyun katakan da suka soki sama a kan rufinsa. A gefen yamma kuma akwai wani ɗan wurin tsayawa, domin ginin kudu yake kallo amma mazaunin Okuninushi a ciki yamma yake fuskanta, wajen teku.

Shahararriyar igiyar karan shinkafa ba ita ce ta gaban ɗakin addu'a ba. Waccan mita 6 da rabi ce, kuma mutane suna ɗaukar hotonta su tafi suna zaton sun gani. Babbar tana Kaguraden, wajen katanga ta yamma, bayan an haye ɗan rafi. Wadda aka rataya a 2018 tsawonta mita 13.6, nauyinta tan 5.2, mutanen garin Iinan suka tufka ta. Jefa mata kwabbai don su maƙale rashin ladabi ne. Limancin wurin kuwa gado ne: gidan Senge, tare da gidan Kitajima da ke maƙwabtaka, suna danganta kansu da Ame no Hohi, manzon nan da ya ƙi komawa. A 2014 gimbiya Noriko ta gidan sarautar Japan ta auri Kunimaro Senge a nan.

Ainihin ginshiƙin da aka tono da takubban Kojindani suna gidan tarihin lardin Shimane da ke gabas da haraba, wanda aka buɗe a 2007. An rufe shi don gyara a Afrilun 2025, don haka ka duba shafinsa kafin ka sa rana. A ganina rabin darajar tafiyar tana cikin ginin nan.

Game da lokaci, akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. An ce a wata na goma duk kami na Japan suna taruwa a Izumo, sai mutane su zo a Oktoba. Watan na kalandar wata ne, yakan faɗo a Nuwamba, wani lokaci ya taɓa Disamba. Daren 10 ga watan ake hura wuta a gaɓar Inasa a tarbi baƙin, daga 11 zuwa 17 a buɗe ƙofofin masaukansu. Abin kallo ne, amma a makon nan tikitin Sunrise da ɗakin otal suna da wuyar samu ƙwarai, kuma iskar tekun tana da sanyi mai ratsa ƙashi.

Abincin garin taliyar soba ce mai duhu, domin da ɓawonsa ake niƙa hatsin. Ana kawo ta a ƙananan akusa uku jere a kan juna, ana kiranta warigo. Romo ake zubawa a kan na sama, in an cinye a juye ragowar a na biyu. Romon yawanci yana da mirin; mai kiyayewa ya nemi gishiri, ko ya koma ga zenzai, jan wake mai zaƙi da curin shinkafa. Shagunan titin Shinmon, mai zuwa ɗakin bauta daga tasha, suna rufewa da wuri, da yawa kafin ƙarfe 5, kuma wanda ya kwana a Taisha bai tanadi abincin dare ba zai sha wuya.

Idan da sauran lokaci, bas yana zuwa Hinomisaki cikin minti 20, inda akwai jan ɗakin bauta na Amaterasu da Susanoo da aka gina a 1644, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1903, mai tsayin mita 43 da ɗori da matakala 163. Bas ɗin ba shi da yawa a rana. Ka rubuta lokacin na dawowa kafin ka sauka.

Komawa, Sunrise yana barin Izumoshi dab da ƙarfe 7 na yamma ya isa Tokiyo jim kaɗan bayan 7 na safe, kuma a wannan karon Izumo ne taragu 1 zuwa 7. Yana tsayawa a Osaka bayan sha biyun dare, abin da ba ya yi a tafiyar zuwa. Mai shiga daga can ya kula, ranar da ke kan tikitinsa ta gobe ce. Babban aibin jirgin shi ne latti. Hanyar doguwa ce, yawancin layin duwatsu guda ɗaya ne, ruwan sama mai ƙarfi ko dusar ƙanƙara ko barewa a kan layi duk suna tsayar da shi, wani lokaci a soke tafiyar, wani lokaci a sauke fasinjoji a hanya a mayar da su Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu. Idan lattin ya kai awa biyu ana mayar da kuɗin jirgi mai sauri, sai ka riƙe tikitinka ka kai kanta. Kada ka haɗa shi da jirgin saman da zai tashi da safen ranar. Mai irin wannan uzuri ya hau jirgin ƙasa na Yakumo da rana zuwa Okayama, kimanin awa uku, ya kama Shinkansen daga can, ya kwana a Tokiyo.